Kunne Ne Alƙalin Rubutu: Darasi Daga Ayyukan Abubakar Imam

Malaman makaranta kan yi tambaya a kan abin da ke sa rubutu ya yi armashi. A ganina, amsar tana ga kunne. Rubutun da aka karanta a gaban jama'a, mai karatu bai yi tuntuɓe ba, mai saurare bai ce a maimaita ba, shi ne ya amsa sunansa. Don kafa hujja, zan dubi ayyukan marigayi Alhaji Abubakar Imam (1911-1981).

A shekarar 1933 Hukumar Fassara ta Zariya, ƙarƙashin R. M. East, ta shirya gasar ƙaga labarai, inda Imam ya shiga da Ruwan Bagaja. Magana Jari Ce kuwa ya fara fitowa a 1937. A wancan zamani masu karatun boko kaɗan ne. Mutum ɗaya ke karantawa a zaure, saura su kasa kunne. Imam ya san haka, shi ya sa ya rubuta Hausar da baki ke iya ɗauka.

Da farko, jimlolinsa ba su fi ƙarfin numfashi ba, kuma aiki ke bin aiki kamar yadda mai ba da labari ke yi. Na biyu, kowa da bakinsa. Ko ba a ambaci suna ba, mai saurare zai bambanta daɗin bakin Aku da makircin Waziri. Na uku, duk da cewa ya aro labarai da dama daga Alfu Laila da littattafan Turawa, sai da ya sa musu rigar Hausa, ya zaunar da su a fada da kasuwa, har ba a jin baƙuncinsu. Na huɗu, maganar tana da aikin yi: Aku yana ba da labari ne don ya hana Musa ɗan sarki fita ya faɗa tarkon Waziri.

Sai dai ba a rasa nono a ruga. A Ruwan Bagaja, karon Alhaji Imam da Malam Zurƙe ya yi ta maimaituwa, har ana iya cire wani a bar wani, labari bai girgiza ba. Ta fuskar ƙulla zare, Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa ya fi shi, domin neman da uwa ke yi wa ɗanta ya ɗaure labarin tamau.

Saboda haka ina kira ga malamai da kada su ba da maki don manyan kalmomi ko tarin karin magana. A sa ɗalibi ya tashi ya karanta insha'insa da ƙarfi. Duk inda harshensa ya sarƙe, ko 'yan aji suka fara hamma, nan gyara yake.