Ɗan duwan da ya koma zane: ɗan nazari a kan Henri Rousseau

1. Gabatarwa

A cikin wannan ɗan nazari muna so mu duba wata tambaya wadda masu sharhin zane ba su cika tsayawa a kanta ba: da wane ma'auni za a auna aikin mutumin da ya duƙufa ga zane bayan ya aje aikin gwamnati? Misalinmu shi ne Henri Rousseau (1844-1910), haifaffen garin Laval a Faransa.

2. Daga ƙofar birni zuwa fentin mai

Rousseau ya daɗe yana aikin karɓar harajin kaya a ƙofofin Paris, shi ya sa aka laƙaba masa "Le Douanier", wato ɗan duwan. Ya fara nuna zanensa a Salon des Indépendants a 1886, ya yi ritaya a 1893 yana da shekara 49. Da yake bai yi makarantar zane ba, sai aka sa shi rukunin "naïf", ƴan jarida suka riƙa yi masa dariya. Ko liyafar da Picasso ya shirya masa a 1908, rabinta girmamawa ce, rabinta ba'a.

3. La Bohémienne endormie (1897)

A wannan zane, wata mata tana barci a hamada, da riga mai ratsi-ratsi, da abin kiɗa da tulu a gefenta, zaki kuma yana shinshinarta a farin wata. Babu sawu ko ɗaya a kan rairayi, ko na matar ko na zakin. Wanda ya san hamada zai ce kuskure ne, domin rairayi ba ya ɓoye wanda ya taka shi. A ganinmu da gangan ne: rashin sawun shi ke raba wurin da duniyar ido biyu, ya mai da shi mafarki. Yadda ya jera ratsin rigar da gashin zakin, layi bayan layi, yana nuna haƙurin wanda ya san abin da yake nema.

Sai dai akwai abin lura. Rousseau bai taɓa fita Faransa ba. Dabbobinsa da itatuwansa daga Jardin des Plantes da littattafan hotuna ya samo su. Ke nan hamadarsa ta mutanen Paris ce na zamanin mulkin mallaka, wadda ba ta da rijiya, ba ta da ayari, ba ta da suna.

4. Kammalawa

Garin Laval bai karɓi tayin da ya yi masa na sayen zanen ba. Yau yana gidan adana zane na MoMA a New York. Muna ganin kalmar "naïf" tarihin mai zane take faɗa, ba ta auna aikinsa. Idan za a soki Rousseau, a soke shi a kan hamadar da ya ara ba tare da bincike ba, kamar yadda za a soki kowane ƙwararre na zamaninsa.