Iska da hucin wuta: me ke kunna ciyawar da ke gaban gobarar daji?

Mai karatu, idan ka taɓa tambayar dalilin da ya sa gobarar daji ke ƙara gudu in iska ta taso, wataƙila amsar da aka ba ka ita ce: iska tana kwantar da harshen wuta, ya matso kusa da ciyawa, hucinsa ya gasa ta har ta kama. Huci a nan shi ne zafin da ke iso maka daga nesa ba tare da wuta ta taɓa ka ba, irin wanda kake ji a fuska in kana jin ɗumi da hunturu. Wannan bayani ya daɗe a littattafai. Yana da gaskiya a ciki, amma bai cika ba.

A 2015 Mark Finney da abokan aikinsa na ɗakin binciken gobara da ke Misula, a jihar Montana ta Amurka, suka buga wani nazari a mujallar PNAS da ya ƙalubalanci wannan fahimta. Hujjarsu mai sauƙi ce. Siririn abu kamar busasshiyar ciyawa yana ɗaukar zafi da sauri, amma kuma yana zubar da shi da sauri. Iskar da ke bi ta kansa tana sanyaya shi, kamar yadda kake hura kunu. Don haka huci kaɗai da wuya ya kai shi digiri 300 da wani abu da ake bukata kafin ya kama.

To me ke kunna shi? Sun yanka kwali da na'urar leza, suka jera shi kamar ciyawa, suka ƙona a cikin bututun iska na gwaji suna ɗauka da kyamara mai saurin gaske. Suka ga harshen wuta ba ya tafiya a miƙe kamar bango. Iska mai zafi tana tashi, mai sanyi tana sauka, sai wutar ta riƙa yin tozo da kwari, tana kai lasa gaba lokaci-lokaci. Wannan lasar ce ke kunna ciyawa.

Ƙarfin wannan aiki shi ne ya duba abin da aka daɗe ana ɗauka ba a gwada ba. Lissafin da Richard Rothermel ya fitar a 1972, wanda har yau manhajojin hasashen gobara da dama ke tsaye a kansa, ya auna yadda iska ke ƙara wa wuta gudu, amma bai rarrabe ko ta huci ne ko ta lasa ba.

Sai dai kada ka karanta nazarin ka ce huci ba komai ba ne. Kwalin da aka jera daidai wa daida ba daji ba ne, inda akwai ɗanye da busasshe, kauri da siriri. Kututture ko bangon katako ba ya sanyi da sauri kamar ciyawa, don haka huci na iya gasa shi har ya kama. Jikin mutum ma haka. Shi ya sa a 1998 Bret Butler da Jack Cohen suka ba masu kashe gobara shawarar nisantar wuta da aƙalla ninki huɗu na tsayin harshenta. Amma lura, huci kaɗai suka lissafa. In iska na busowa wajenka, ko kana saman gangare wuta na ƙasa, wannan nisa bai isa ba.

Darasin ya shafe mu kai tsaye, domin gobarar dajinmu ta rani galibi ta ciyawa ce, iskar hunturu kuma na bayanta. In za ka share fili don tare wuta kafin ta kai gona ko rumbu, kada ka auna faɗinsa da inda ka daina jin huci. Auna shi da tsawon da harshen wuta zai iya miƙawa in iska ta kwantar da shi, ka ƙara da tartsatsin da za ta iya tsallakarwa.