Amanar Mai Ba da Labari: Tarke a kan Zaɓen Matsalar Bincike a Fagen Adabin Baka na Hausa

1.0 Gabatarwa



Idan aka ambaci ɗa'ar bincike, hankalin yawancinmu yakan koma ga likitoci da masu gwajin magunguna. Akwai dalilin haka. Ƙa'idojin Nuremberg na 1947 da Sanarwar Helsinki ta 1964 duk domin kare mutanen da ake gwaji da jikinsu aka tsara su. Mutanen Kano kuwa ba su manta da shekarar 1996 ba, lokacin da kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan da yara kimanin 200 ana tsakiyar annobar sanƙarau, 11 daga cikinsu suka rasu, aka shafe shekaru ana shari'a a kan ko an nemi yardar iyayensu yadda ya kamata, sai a 2009 aka sasanta da Gwamnatin Jihar Kano.

Mu masu nazarin harshe da adabi ba mu riƙe allura, amma muna karɓar abin da yake amana ne daga hannun jama'a, watau maganarsu da waƙarsu da tarihin gidajensu. Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa riƙon wannan amana yana farawa ne tun daga ranar da mai bincike ya zaɓi matsalar da zai bincika, domin tambayar da ya ɗauka ita za ta nuna masa yadda zai ɗauki mutanen da zai je wurinsu. Za a dubi wasu fitattun ayyuka huɗu na Turawa a kan Hausawa, sa'an nan a waiwayi halin da ɗalibanmu suke ciki.

2.0 Edgar da Rattray: Tatsuniya a Matsayin Darasin Koyon Harshe

Tsakanin 1911 da 1913 aka buga Litafi na Tatsuniyoyi na Hausa na Frank Edgar, juzu'i uku, a birnin Belfast. Tushen aikin rubuce-rubucen ajami ne waɗanda malamai suka yi, wasu daga ciki Manjo Burdon, Razdan na Sakkwato, ya sa aka tara, Edgar ya juya su zuwa boko. Babu mai musun darajar wannan aiki, domin ya adana tatsuniyoyi da labarai masu yawan gaske, har Neil Skinner ya fassara su zuwa Turanci daga 1969.

To amma wace matsala ce Edgar ya sa a gaba? Bukatarsa ita ce jami'an mulkin mallaka su sami abin karantawa don su iya Hausa. Wanda yake neman jimloli don koyon harshe ba ruwansa da wanda ya furta su. Saboda haka mai karatu zai yi ta wuce tatsuniya bayan tatsuniya ba tare da ya san daga bakin wa aka ji ta ba, ko a wane gari, ko a gaban su wa. Bugu da ƙari, kowa ya san cewa a ƙasar Hausa tsofaffin mata su ne gwanayen tatsuniya, da dare suke yin ta ga yara, da sauya murya da rera waƙa da amshi. Abin da ya iso gare mu kuwa shi ne abin da malamai maza suka iya tunawa suka rubuta wa Bature.

R. S. Rattray ya ɗan fi kusa da adalci. A littafinsa Hausa Folk-Lore na 1913 ya bayyana cewa Malam Shaihu ne ya rubuta matanin a ƙasar da ake kira Gana a yau, ya kuma buga ajamin malamin tare da boko da fassara, ta yadda mai shakka zai iya gwada su da kansa. Duk da haka, da sunan Rattray ake kiran littafin har gobe, alhali kuwa wanda ya ɗauki alƙalami ya rubuta Hausar ciki shi ne Malam Shaihu.

3.0 Tremearne: Hukunci Kafin Bincike

Aikin A. J. N. Tremearne mai suna The Ban of the Bori, wanda ya fito a 1914, ya ginu ne a kan abin da ya tattara a wurin Hausawa mazauna Tunis da Tarabulus. Akwai bayanai masu amfani a ciki game da sunayen iskoki da halayensu. Sai dai tun a bangon littafin an riga an laƙaba wa abin da ake nazari sunan rawar shaiɗanu. Wanda ya shiga fage da irin wannan hukunci a ransa, hujjar tabbatar da shi kawai yake nema, kuma mutanen da suka buɗe masa sirrinsu sun zama abin kallo ga masu karatu a Ingila.

4.0 Mary Smith da Baba

A ƙarshen 1949 da farkon 1950, a ƙasar Zazzau, Mary Smith ta zauna da wata dattijuwa mai suna Baba tana rubuta tarihin rayuwarta da Hausa kamar yadda take faɗa. Maigidanta M. G. Smith yana binciken tattalin arzikin yankin, amma kulle ya hana shi sanin rayuwar cikin gida. Tambayar Mary Smith ita ce, yaya mace Bahaushiya take ganin duniyarta? Irin wannan tambaya ba ta amsuwa sai an bar mai magana ta yi maganarta. Shi ya sa a Baba of Karo muke jin ra'ayin Baba a kan aure da kishiya da ƙawance da zamanin bauta, kuma sunanta ne ya zama sunan littafin. Ko a nan ma akwai abin dubawa: Baba ta rasu a 1951, littafin ya fito a 1954, da Turanci, harshen da ita da danginta ba su ji.

5.0 Halin da Muke Ciki

Sau da yawa muna sukar waɗannan Turawa, alhali muna tafka irin abin da suka yi. Duk wanda yake duba kundayen ɗalibai a kwalejojin ilimi da jami'o'i ya san taken nan da ba ya tsufa, watau jigo da salo a waƙoƙin wane. Bana a sa Shata, baɗi a sa Ɗanƙwairo, baɗin baɗaɗa a sa Narambaɗa, tsarin babi-babi kuwa bai sauya ba. Wannan take ne kawai, babu wata tambaya a ƙarƙashinsa. Ɗalibin da ba shi da tambaya kuwa ba shi da abin da zai fita nema, don haka sai ya kwafi kundin wanda ya gabace shi, ko ya saya a intanet, ko ya sa na'ura ta rubuta masa. Satar fasaha a nan 'ya ce ga mugun zaɓe.

Wanda ma ya fita fage yakan ɗauki muryar tsohuwa ko makaɗi da wayar hannu ba tare da ya faɗi inda maganar za ta ƙare ba, ya dawo ya rubuta cewa wata majiya ce ta shaida masa. Wani kuma yakan bayyana sunan wanda ya gaya masa sirrin magani ko rikicin sarauta, ya jefa shi cikin fitina.

Ina ganin wajibi ne mai duba ɗalibi ya yi masa tambayoyi uku kafin ya sa hannu a kan take:

(a) Mene ne ba a sani ba wanda wannan aiki zai sanar, bayan an karanta abin da magabata suka yi?

(b) Za a iya samun bayanan ta halastacciyar hanya, da sanin masu su da yardarsu, cikin lokaci da guzurin da ɗalibin yake da shi?

(c) Idan aka karanta wa mutanen da aka yi hira da su abin da aka rubuta, za su gane maganarsu, su kuma yarda an yi musu adalci?

6.0 Kammalawa

An ga yadda bukatar koyon harshe ta shafe sunayen masu tatsuniya a aikin Edgar, da yadda hukuncin da Tremearne ya riga ya yanke ya rinjayi abin da ya gani, da kuma yadda tambayar Mary Smith ta tilasta mata sauraro. Shawarar wannan maƙala ga sassan Hausa ita ce kada a amince da take sai ɗalibi ya rubuta tambayarsa cikin jimla ɗaya, ya faɗi su wa zai tuntuɓa da yadda zai nemi yardarsu. A ambaci sunan mai ba da bayani da garinsa da ranar hira idan ya so, a sakaya idan ya nemi haka, a kuma mayar masa da kwafin abin da aka ɗauka. Allah ya sa mu dace.