Daga Ƙasar Aljannu zuwa Sararin Samaniya: Tsokaci a kan Tauraruwa Mai Wutsiya

1.0 Gabatarwa

Manazarta adabin Hausa sun saba tara labaran al'ajabi a kwando ɗaya, su ce duk jikokin tatsuniya ne. Wannan maƙala tana ganin hukuncin ya yi wa Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo ƙwange. Kamfanin NNPC na Zariya ne ya buga littafin a 1969, shekarar da kumbon Apollo 11 ya sauke mutum a kan wata, abin da ya ja hankalin Hausawa har Mamman Shata ya yi masa waƙa.

2.0 Tushen Al'ajabi

Tun gasar da Rupert East ya shirya a 1933, ƙagaggen labarin Hausa ya tashi da ƙafar al'ajabi. A Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, Alhaji Imam bai kai ga ruwan da yake nema ba sai da taimakon aljannu. A Ganɗoki kuwa, Bello Kagara ya ɗauke tauraronsa daga fagen yaƙi da Turawa ya jefa shi duniyar aljannu. Mai karatu ba ya tambayar yadda aka yi haka ta faru, domin ya taso ya tarar da aljani a cikin imaninsa da kuma hirar dare. Daɗin irin wannan karatu yana cikin sakin jiki.

Dembo ya sauya tushen mamakin. Yaro Kilba ya haɗu da Kolin Koliyo, baƙo daga wata duniya, suka yi tafiya a sararin samaniya. Wurin da labarin ya dosa wuri ne da masana taurari ke aunawa, ke lissafa nisansa. Ita kanta tauraruwa mai wutsiya ba ƙirƙira ba ce: wadda ake kira Halley ta bayyana a 1910, ta sake dawowa a 1986. Saboda haka mai karatu yana da damar tsayawa ya ce, shin wannan zai yiwu? A ganina wannan tambaya ce ta raba labarin kimiyya da almara, kuma daɗin da take haifarwa daban ne, domin hankali ne ke aiki tare da zuciya.

Duk da haka, sai a yi adalci ga masu ra'ayin farko. Ta fuskar zubi da tsari, Dembo bai yi nisa da magabatansa ba. Tauraro ya bar gida, ya sami jagora mai ikon da ya fi na ɗan'adam, ya ga abubuwan mamaki. Idan aka tuɓe wa Kolin Koliyo rigarsa ta baƙon sama, ba zai yi wuya a hango aljanin nan mai taimako ba. Wasu za su kira wannan rauni. Ni kuwa ina ganin dabara ce, don da tsohuwar zuma ake magani: Bahaushen da ya san Zara da Gamzaki da Kaza da 'ya'yanta an bi da shi ta hanyar da ya sani zuwa inda bai taɓa zuwa ba.

3.0 Magada

Abin dubawa shi ne ƙarancin magada. Da adabin kasuwar Kano ya bunƙasa daga tsakiyar shekarun 1980, soyayya ce ta mamaye fage, sai kuma littattafan yaƙi irin na Abdul'aziz Sani Madakin Gini, masu cike da sadaukai da bokaye da tsafi. Wato reshen Ganɗoki ya yi 'ya'ya, na Dembo kuwa da ƙyar ya yi toho.

Ba za a ce babu abin rubutawa ba. An kafa hukumar binciken sararin samaniya ta NASRDA a 1999, hedikwatarta tana Abuja, kuma a 2003 aka harba NigeriaSat-1. Ba kuma za a ɗora wa harshen laifi ba, tunda kalmomi irin su kumbo da tauraron ɗan'adam da 'yan sama jannati sun daɗe da zama a bakin masu sauraron rediyo. Wani kaso na alhakin yana wuyanmu mu manazarta, da muka ajiye littafin Dembo a rukunin karatun yara, muka bar ɗalibai suna maimaita jigo da salon littattafan 1934 a kundayen digiri.