Jinjina Ga Masu Kai Ɗauki Bayan Ambaliya

Idan ruwan Agusta ya rushe katangun ƙasa a ƙauyukan Kudan, ya kwantar da masara da rake, aikin farko na biro ne da takarda. Mai unguwa da 'yan sa-kai na Red Cross suna bin gida-gida cikin taɓo, suna rubuta ɗakin da ya faɗi da rumbun da ya jiƙe. Sunayen waɗanda abin ya shafa sai su je sakatariyar ƙaramar hukuma a Hunkuyi, daga can su wuce hukumar agajin gaggawa ta jiha, KADSEMA, wadda ke haɗa kai da ofishin hukumar agajin gaggawa ta ƙasa, NEMA, na Kaduna.

Tun 1999 aka kafa NEMA domin wannan haɗa hannu, kuma ambaliyar 2022, da ta ci rayuka sama da 600 a Nijeriya, ta nuna amfaninsa.

Masu kai ɗaukin sun cancanci yabo, domin rabon kayan agaji ya fi tarawa wuya. Sai an tantance kada a ba gida ɗaya shinkafa sau biyu alhali maƙwabci bai samu ko tabarma ba. Inda babbar mota ta maƙale, matasa kan sauke kwanon rufi da gidan sauro, su ƙarasa da su a kan babur.