Babin Yankari A Littattafanmu: Ina Sunan Tsuntsun?

Akwai wani babi da ya kusa zama farilla a cikin littattafan soyayya da kuma rubuce-rubucen da matasa ke kawowa ƙungiya a duba masu, wato babin yawon shaƙatawa. Da zarar an ɗaura aure, sai marubuci ya zuba ango da amarya a mota ya nufi Yankari da su. Ba mu ga laifin tafiyar ba. Abin da ya dame mu shi ne abin da ake nuna wa mai karatu bayan an isa. A layi guda za a ce sun ga namun daji iri-iri, tsuntsaye kuma na ta kuka mai daɗi, daga nan sai a ci shafi biyu ana siffanta leshin da amarya ta sa.

Wane nama? Wane tsuntsu? Shiru. Idan kuma an daure an kama suna, sau da yawa gara a ce ba a kama ba. Yankari, wanda aka keɓe a 1956 aka buɗe wa jama'a a 1962, yana da nasa hali. Akwai giwa da ɓauna da gwanki da gwambaza, akwai gogon birin da ke yi wa baƙi ƙwace a masaukin Wikki, ga kuma ruwan ɗumin nan mai fitowa daga ƙarƙashin dutse. Da rani ake ganin dabbobi sosai, lokacin da ciyawa ta bushe ƙishirwa ta tattaro su bakin kogin Gaji. To, marubucin da ya kai masoyansa can a tsakiyar Agusta, ya jera masu zakoki da garken raƙuman dawa a bakin hanya, ya tona wa kansa asiri cewa a talabijin ya kwafo dajinsa, kuma dajin Kenya ne. Mai son ganin raƙumin dawa na yankinmu yana kiwo a sake, Kure zai nufa, kusa da Yamai.

Mu da ke Faskari abin ya fi yi mana ciwo, domin ba mu da uzurin nisa. Ga dajin Kogo a bayan gidanmu. Kudu da Sabuwa ga ƙasar Birnin Gwari, inda dajin Kamuku yake, wanda aka keɓe tun 1936, ya kuma zama gandun namun daji na ƙasa a 1999. A ƙarshen 2020 Gwamnatin Tarayya ta sanya Kogo cikin dazuzzuka 10 da za a ɗaukaka zuwa wannan matsayi, tare da Falgore ta Kano da fadamun Haɗejiya. A watan Disamba na wannan shekara dai, ranar 11 ga wata, 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara suka kora su daji a ƙafa. Ga takardar gwamnati na kiran baƙi su zo kallon tsuntsaye, ga iyaye a ƙofar makaranta suna jiran 'ya'yansu. Wannan kaɗai ya isa littafi, amma alƙalumanmu sun gwammace su tsallake shi su tafi Bauchi shan iska.

Kada a ɗauka muna cewa kowa ya ajiye soyayya ya kama labarin bindiga. Maganarmu a kan ido ce da kunne. Yaron da ya tashi a shekarun da shiga daji ya zama sayar da rai, bai bi kowa farauta ba, bai kwana a gona mai nisa ba, a wurinsa kalmar daji ma'ana ɗaya gare ta. A ina zai ji bambancin gwanki da kanki, ko mazo da gada? Idan littafinsa ma ya ce masa tsuntsaye kawai, to an rufe masa ƙofa ta ƙarshe.

Alhali kuwa sunayen nan jari ne ga mai ƙaga labari, ba ado ba. Shamuwa idan ta sauka a kan tsamiyar gari, an gaya wa mai karatu damina ta ƙarato ba sai an ambaci wata ba. Carki a doron sa, balbela a bayan garke, kirinjijiya a madatsar Mairuwa, yautai a kan turba da almuru, kowane yana ɗauke da lokacinsa da wurinsa. Dubi burtu ma. Maharbi kan ɗaura sassaƙen kansa a goshi ya yi rarrafe har ya kusanci nama ba a gane shi ba. Marubucin da ya san wannan ya sami siffar mayaudarin saurayinsa a araha, ba sai ya ara daga fim ɗin Indiya ba. Alhaji Abubakar Imam bai ji kunyar miƙa wa aku ragamar Magana Jari Ce ba, kuma har yau ba a daina karanta shi ba.

Wani zai ce ai ba kowa ke da kuɗin motar Yankari ba, Kogo kuma ba wurin da za a tura ɗalibi da littafin rubutu ba ne. Gaskiya ne, ba mu kuwa tura kowa. Sai dai tsofaffin maharban da suka san dajin nan kafin ya lalace suna nan cikin gari, da yawansu ma tashin hankali ne ya koro su daga ƙauyukansu. Ranar kasuwa a nemi ɗaya, a zauna da shi, a tambaye shi yadda gauraka ke rawa da lokacin da fakara ke kuka, da shekarar da ya yi wa sawun giwa ganin ƙarshe.