Tatsuniyar da Ba a Ce Ta Zo Ba: Nazari kan Faɗuwar Wasu Fina-Finan Zane na Kasada

A Damari, kamar sauran garuruwan ƙasar Hausa, tatsuniya ba ta farawa sai da izinin masu sauraro. Tsohuwa za ta ce ga ta nan ga ta nanku, sannan ta yi shiru, ba za ta ƙara kalma ba sai yara sun amsa da ta zo mu ji ta. Wannan ƙa'ida ce ta faɗo mini a rai wani dare da na zauna da 'ya'yan yayata su shida muna kallon fim ɗin zane mai suna Bilal: A New Breed of Hero a fuskar wayata, bayan mai shagon caji ya tura mini shi. Da farko yaran sun yi tsit, domin zanen ya kai zane: rairayin Makka kamar ka sa hannu ka ɗiba, dawaki kamar za su fito daga waya. Kafin a kai tsakiya biyu sun yi barci, ƙaramar cikinsu ta ɓoye fuska a cinyata saboda azabar da ake nunawa, babban kuma, wanda ya yi nisa a makarantar allo, sai tambayata yake yi yaushe za a fara labarin Bilalun da malaminsu ya ba su.

Ba yaran gidanmu kaɗai suka ƙi amsa wa wannan fim ba. Kamfanin Barajoun na Dubai ya kashe kimanin dala miliyan 30 a kansa. An fara nuna shi a Doha a Disambar 2015, ya shiga silimomin ƙasashen Larabawa a 2016, ya isa Amurka a Fabrairun 2018, amma abin da ya tara a duniya baki ɗaya bai kai kashi 1 cikin 5 na uwar kuɗin ba. Kuma asarar ta fi yadda alƙaluman suka nuna, domin masu gidajen silima suna riƙe kusan rabin kuɗin tikiti, ga kuɗin talla da ba ya cikin lissafin farko. Fim bai fara numfashi ba sai ya ninka jarinsa aƙalla sau 2.

Me ya kayar da shi? Ana iya cewa kasuwarsa ta asali a rufe take, domin Saudiyya, ƙasar Ayman Jamal da ya jagoranci aikin, ba ta sake buɗe gidajen silima ba sai a Afrilun 2018. Wannan gaskiya ne. Amma ni ina ganin ciwon yana cikin fim ɗin kansa. Masu shirya shi sun ɗauki tarihin Sayyidina Bilal, Allah ya ƙara masa yarda, ladanin farko a Musulunci, suka so sayar da shi ga kowa da kowa. Don haka suka yi shi da Ingilishi, suka ɗauko Adewale Akinnuoye-Agbaje da Ian McShane su ba da murya, suka yi ta kewaye-kewaye wajen kiran sunan addinin da Bilal ya sha azaba dominsa, har labarin ya koma na wani bawa mai neman 'yanci da daidaito kawai. An bar dutsen da Umayya ya sa aka ɗora masa a ƙirji, amma an rage nauyin abin da ya sa ya jure dutsen. Musulmi mai kishin tarihi ya ga an zana sahabbai, ya ja baya. Wanda ya daure ya kalla ya ga an cire wa labarin zuciya. Iyaye a Amurka kuwa suka tarar da fim mai duka da yaƙi, wanda hukumar tace fina-finansu ta ce bai dace da ɗan ƙasa da shekara 13 ba sai da kulawar iyaye. An jefi tsuntsu uku da dutse ɗaya, duk sun tashi.

Wannan cuta ba a Dubai ta fara ba. A Yulin 2003 kamfanin DreamWorks ya fitar da Sinbad: Legend of the Seven Seas. Duk wanda ya san Alfu Laila ya san Sindbad mutumin Bagadaza ne, daga Basra yake shiga teku, a zamanin Haruna Rashid. Masu fim ɗin suka tumɓuke shi daga can suka dasa shi a birnin Sirakus na Girkawa, suka ba shi muryar Brad Pitt, suka haɗa shi faɗa da wata abar bautar Girkawa mai suna Eris. Ya fito ne 'yan watanni bayan sojojin Amurka sun shiga Bagadazar gaske. An kashe masa dala miliyan 60, ya tara kimanin miliyan 80, kuma daga shi kamfanin ya ajiye zanen hannu ya koma na kwamfuta. Ba zan yi da'awar cewa Amurkawa sun ƙaurace masa don an raba Sindbad da Larabcinsa ba. Yawancinsu ba su damu ba. Finding Nemo yana cin kasuwa a lokacin, kuma mako guda bayan fitowarsa Pirates of the Caribbean ya sauka da jiragen ruwa da 'yan fashin teku na mutane masu jini a jika. Abin da nake cewa shi ne, da aka cire masa abin da ya bambanta shi, bai rage da makamin da zai yi takara da shi ba. Matuƙin jirgi ne kawai cikin matuƙa, kuma ga wanda ya fi shi ban dariya a ɗakin da ke kusa.

Akwai wani ɓangare na matsalar da ya shafi shekaru. Tikitin fim ɗin zane ba mai kallo ke saye ba, uba ko uwa ke saye, kuma ba ɗaya suke saye ba. Fim ɗin kasada kuwa, mai harbe-harbe da fashe-fashe, saurayi ɗan shekara 13 zuwa 17 yake nema, wato daidai shekarun da yaro ke jin kunyar a gan shi yana kallon katun. Titan A.E. na Don Bluth ya buɗe a 2000 da tarwatsa duniya baki ɗaya. Ya ci dala miliyan 75 ko fiye, bai mayar da rabi ba, aka rufe ɗakin zanen kamfanin Fox da ke Phoenix cikin 'yan kwanaki. Treasure Planet na Disney, wanda ya kai labarin Treasure Island sararin samaniya, ya lashe dala miliyan 140 a 2002 ya dawo da kimanin miliyan 110. Samarin da aka yi dominsa suna layin Harry Potter na biyu, wanda ya riga shi fitowa da ƙasa da mako 2. Uwa ta ga ya yi wa ɗanta tsauri, saurayi ya ga ya yi masa yarinta. Na kalli Treasure Planet fiye da sau ɗaya, kuma dangantakar yaron da John Silver, mai ƙaunarsa kuma mai cin amanarsa, ta fi yawancin abin da ake yabo kyau. Faɗuwa a kasuwa ba hukunci ba ce a kan inganci. The Iron Giant na 1999 ma ya faɗi, galibi saboda ba a tallata shi ba, yau kuma ana lissafa shi cikin mafiya kyau.

Masu kuɗi suna tsoron cewa labarin da ya tsaya a gidansu ba zai yi tafiya ba, amma kasuwa ta sha ƙaryata su. Coco na 2017 ya nutse cikin al'adar Meziko ta tunawa da mamata, bai nemi afuwar kowa ba, ya tara fiye da dala miliyan 800. Ne Zha 2, wanda aka ɗauko daga tsohuwar almarar Sinawa, ya wuce dala biliyan 2 a 2025, kuma mafi yawan kuɗin daga aljihun Sinawa ya fito. Waɗannan sun san wa suke ba labari, kuma mutanen sun amsa.

Sai dai idan muka dawo gida, akwai tambayar da ta riga ta inganci: ina ma akwatin da za a zuba kuɗin tikitin? A Disambar 2020 aka fitar da Lady Buckit and the Motley Mopsters, wanda Blessing Amidu ta ɗauki nauyi, Adebisi Adetayo ya ba da umarni, kuma aka yi masa kirari da dogon fim ɗin zane na farko da Nijeriya ta kai silima. Labarin wata yarinya ce 'yar Oloibiri, garin da aka fara samun man fetur a 1956. An ruwaito cewa ya ci kusan naira miliyan 400. Ya fito lokacin da silimomi ke farfaɗowa daga kullen korona, a ƙasar da gidajen silimarta ba su kai 100 ba, yawancinsu kuma a Legas da kewaye. A watan ne Omo Ghetto: The Saga na Funke Akindele ya fito ya haura naira miliyan 600, kuma wannan shi ne ƙololuwar abin da fim ɗin gida ya taɓa samu a lokacin. Ke nan ko da fim ɗin zanen ya yi ciniki irin na zakaran ƙasa, bayan masu silima sun cire rabonsu da ƙyar zai ga uwar kuɗinsa. Lissafin ya ƙi tun kafin a zana hoton farko.

A Damari lamarin ya fi haka nisa. Babu silima, sai ka je Kaduna ko Kano, kuma an yi shekaru tafiya a hanyoyin Birnin Gwari ita kanta kasada ce da ba a yi da yara. Fim yana iso mu ne ta shagon masu tura fina-finai, a kuɗin da bai kai na ƙwai ɗaya ba, kuma ko kwabo ba ya komawa ga wanda ya yi shi. Da gwamnatin Kaduna ta katse layukan waya a yankinmu a ƙarshen 2021 saboda 'yan bindiga, kallo bai tsaya ba, domin daga waya zuwa waya yake yawo. Yaranmu suna cikin masu kallo mafiya naci, amma babu littafin cinikin da ya san da su. Fina-finan Indiya da ake fassarawa da Hausa sun nuna cewa harshe kaɗai yana iya riƙe yaro awa 3 a kan tabarma. Na tabbata da an fassara Bilal yadda ya kamata, da ba a yi barci da wuri haka ba.

Ga kuma maganar daji. A fina-finan kasada na Turawa daji wurin al'ajabi ne da jarumi ke shiga don ya gano kansa. Haka Strange World na Disney ya yi a 2022, da tsirrai masu tafiya da halittu masu launi, ya kuma faɗi da asara mai yawa, domin babu haɗarin da mai kallo ya ji a jikinsa. Yaron da ya tashi a bakin dajin Kamuku ko Kuyambana ya san daji da wata ma'ana. Ya san gonar da aka daina zuwa, ya san ƙarar babura da dare, ya san gidan da aka sayar da shanu don fansar mutum. Wanda zai yi masa fim ɗin kasada ba zai burge shi da dodo mai ido uku ba, kuma ba zai kyauta masa ba idan ya mayar da tsoronsa abin wasa. Tsohuwa ta fi masu fim sanin wannan: Gizo ɗinta ƙarami ne, ba shi da ƙarfi, da wayo yake tsira daga kura da zaki, shi ya sa yaro ke ganin kansa a cikinsa.

Kayan aiki ba su yi mana ƙaranci ba. Gasar rubutu ta 1933 ta haifar da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na Bello Kagara, duka tafiye-tafiye ne masu cike da aljanu da abubuwan mamaki; ga Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa, ga Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo da ya kai yaron Hausa sama jannati. Roye Okupe ya riga ya ɗanɗana tarihin Sarauniya Amina a gajeren fim ɗinsa Malika: Warrior Queen a 2019, amma da Ingilishi, a masarautar da ya juya wa suna zuwa Azzaz. Fargabata ita ce ranar da wani mai jari zai ɗauki Alhaji Imam na Ruwan Bagaja, ya cire masa rawani da dabarunsa da Malam Zurƙe don ya shiga kasuwar duniya, ya kashe masa kuɗin da sai silimomin Legas za su iya mayarwa. 'Yan Kannywood sun riga sun koma shirye-shirye masu dogon zango a YouTube da Arewa24, irin su Labarina da Izzar So, inda talla ke biyan kuɗin aiki kashi bayan kashi. Mai zanen Hausa na farko da zai tsira, a ganina, da minti 10 a mako zai fara, da Hausar da ake yi a tsakar gida, da jarin da bai fi ƙarfin wannan kasuwa ba. Ko a hakan ma, kallon da za a yi masa a Damari ta shagon caji zai bi, ba zai shiga lissafin YouTube ba.